Wankan Wata Guda a Yini Ɗaya

Mijina Fugen wata huɗu ya yi a birni yana aiki a wani shagon magungunan gargajiya. Aikinsa shara da hura wutar dafa magani, shi da bakinsa ya faɗa mini haka ranar da ya dawo. Amma kafin sati ya zagayo, a shagon shayin bakin gada ba a kiransa sai da Likita Tan. Tan sunan gidansu ne, likitan kuwa shi ya raɗa wa kansa.

"Wata huɗu ina kallon hannun maigidan nan," in ji shi. "Abin da wasu ke shekara bakwai suna karantawa, ni da ido na kwashe shi."

Lokacin saura kwana uku bikin biyar ga watan biyar, ranar tseren jirage a kogi. Baba, wato surukina, shekara ashirin da biyu shi ke kaɗa gangar jirgin ƙauyenmu. Makaɗi kuwa a wurinmu ba ya sa riga. A goshin jirgi yake tsayawa, da jan ƙyalle a ka, mutanen gaɓa biyu suna kallonsa. To tun bayan bikin bara ciwon nan da muke kira fatar bijimi ya kama Baba: jajayen tabo masu farin ɓawo, a gwiwar hannu da baya da ƙirji, ga ƙaiƙayi. Ba ciwon da ake ɗauka ba ne, amma Baba ya ɓoye shi kamar kayan sata. Duk zafin da ake yi, riga mai dogon hannu yake sawa, maɓalli har wuya. Ni ma don ina kakkaɓe masa shimfiɗa ne na sani.

Ya gaya wa dattawan jirgi wai kafaɗa ke masa ciwo. Suka ce to, gobe da yamma za a sauke jirgi a ruwa, in bai zo ya karɓi sandunan kiɗa ba, za a ba Kawu Ou maƙwabcinmu. Shi kuwa Kawu Ou shekara ashirin da biyu ke nan yana jiran kafaɗar nan ta yi ciwo.

Da ma Mama, uwar mijina, ta je garin kasuwa wurin Likita Nie, ta karɓo ɗauri goma sha biyar na sassaƙe da saiwa da ganye. Likitar ta ce a dafa ɗauri ɗaya, a sirka har ruwan ya zama mai ɗumi kawai, a jiƙa jiki na ɗan lokaci, a tsallake kwana ɗaya a sake. Wata guda ke nan. Ta ce zai rage ƙaiƙayi ya tausasa ɓawon, amma kada a sa rai ya tafi gaba ɗaya, don ciwo ne mai tafiya yana dawowa.

Fugen ya kwance ɗauri ɗaya ya sansana, ya kaɗa kai.

"Wata guda? Tsohuwar nan so take ku yi ta zarya. Suying, ke da kika yi aji shida, ɗauri goma sha biyar in aka haɗa su a tukunya ɗaya, wankan kwana nawa ke nan?"

Na ce ni ban sani ba.

"Na yini ɗaya. Baba, gobe da safe ka shiga, da yamma ka je ka karɓi sandunanka da fata kamar ta jariri."

Mama ta ce, "Kai da ko mura ba ka taɓa warkar wa kowa ba?"

"Don ba a kawo mini ba ne, Mama."

Baba ya daɗe yana kallon sandunan gwajinsa da ke rataye a bango. Can ya ce, "Sharaɗina ɗaya. Kada kowa ya sani."

"Haba Baba. Likita ba ya tona asirin maras lafiya."

Washegari da sassafe Fugen ya sauko da tsohon bahon katako daga saman rufi. Na ce masa a hankali, baho in ya daɗe a bushe sai an jiƙa shi kwana biyu katakon ya kumbura. Ya ce wannan maganar mata ce. Mama dai ta matsa sai ya gwada da ruwan rijiya tukuna. Bokiti shida ya zuba, bokiti shida suka fita ta kowace tsaga, tsakar gida ta zama fadama. Agwaginmu ne kaɗai suka yaba da aikin.

Fugen ya tsaya cikin taɓo ya riƙe ƙugu, idonsa ya sauka a kan babban kaskon ƙarfen da Mama ke dafa awarar sayarwa.

"Ko da wasa," in ji Mama.

"Mama, a birni na ji akwai garuruwan da a kasko suke wanka. Katako ake sawa a ƙasa a zauna, wuta na ci, ruwa ba ya hucewa."

"To ka je can ka ari nasu. Abin da mutane ke ci nake dafawa a ciki."

Sai ta waiwaya ta ga Baba a bakin ƙofa, ya riƙe wuyan rigarsa da hannu ɗaya, ɗayan yana susa ta ciki. Ta bar masa kaskon, ta shige ɗaki.

Ni da Fugen muka mirgino kaskon zuwa ɗakin baya, ya ƙi shiga ta ƙofa. Aka karkata shi, ya ƙi. Fugen ya ce a cire ƙyauren, aka cire, ya ƙi, kuma ƙyauren ya ƙi komawa. Ƙarshe a tsakar gida ya jera duwatsu ya ɗora shi, ya kafa gora huɗu, ya zagaye da zannuwan gadonmu. Har da na aurena, mai hoton agwagi biyu.

Katangarmu ba ta wuce ƙirjin mutum ba. Kafin wuta ta kama, na ɗaga kai na ga kawuna bakwai a kanta. Kafin ruwa ya tafasa sun haura ashirin. Ashe jiya Fugen ya biya shagon shayi, ya ce ba zai faɗi sunan maras lafiyar ba, asiri ne, amma dai makaɗi ne kuma a gidanmu yake. Kawu Ou har da kujerarsa ya zo, ya hau kai ya tsaya, ya kunna lofensa.

Ɗauri goma sha biyar suka shiga kasko. Ruwa ya yi kauri ya yi baƙi, warin ɗaci ya cika unguwa, har agwagin suka fice. Fugen ya juya da sanda, ya ɗaga ya duba, ya ɓata fuska.

"Akwai abin da ya rage. A shagonmu akwai wani shuɗin gari da maigida ke ɓoyewa a 'yar kwalba, na wannan ciwon ne musamman, da bakin cokali yake auna shi. Na tambaye shi, ya ce daga ganyen shuni ake yinsa. Shuni fa, Suying. Abin da Goggo Long ke da shi randa guda a bayan gida."

Goggo Long ita ce mai rinin ƙauyenmu, kuma ran nan ta haye kogi kai wa 'yarta ƙullin shinkafar biki. Mahaifiyata ma rini take yi, a gefen randa na girma. Na ce, "Fugen, ruwan randa daban ne, akwai toka da farar ƙasa a ciki, kuma in iska ta..."

"Ke kin taɓa zama a shagon magani?"

"A'a."

"To."

Ya tafi da bokiti biyu ya dawo. Ruwan randar rini in ka kawar da kumfar sama ba shuɗi ba ne, kore ne mai ɗan rawaya-rawaya. Fugen ya juye shi a kasko ya leƙa.

"Kin gani, ko shuɗi bai yi ba. Ruwa-ruwa ne, ba ƙarfi. Bari in ƙaro."

Sau uku ya je. Mu kuwa da Mama muka yi ta sirkawa da ruwan rijiya har ta tsoma gwiwar hannu ta ce mutum zai iya shiga. Aka sa katako a ƙasa. Baba ya fito daga ɗaki ya lulluɓe da bargo tun daga kai, yana bin bango, ya shige bayan zannuwa. Muka ji ƙarar ruwa, muka ji ya ja numfashi.

Kawu Ou ya cire lofe daga baki. "Matar Tan, baƙi za ku yi ne? Na ga an ɗora babban kasko."

Mama ta ce, "Farfesun tsohon zakara ne. In bai isa ba za mu aiko a kamo ka."

"Likita Tan, ka sa citta kuwa? Tsohon nama ba ya laushi sai da citta."

Daga bayan zane Baba ya ce, "Fugen, wa ke magana a nan?"

"Ba kowa, Baba. Rediyo ne."

"Rediyon ya iya muryar Tsoho Ou."

"Haka suke yanzu."

Can Baba ya ce ruwan yana cizo. Fugen ya ce aiki yake yi. Baba ya ce ƙasan kaskon ya fara zafi. Fugen ya ce zafin ne ke tura magani cikin jini, ya ƙara itace biyu. Daga nan ya juya wajen katanga yana yi wa jama'a bayanin yadda ciwo ke shiga ta huhu ya fito ta fata, har ya kama hannun wata mata ya ce hantarta ta yi sanyi. Matar ta ce ita kallo kawai ta zo. Ni ina tsugune a bakin murhu. Duk lokacin da ya ba da baya sai in zare itace ɗaya in tura cikin taɓo. Mama kuma tana ta ɗaya gefen, tana zura moɗar ruwan sanyi ta ƙarƙashin zane.

Da Fugen ya waiwayo ya ga wutar ta kwanta, sai ya ce itacen ƙauye ne ba shi da kirki.

"A shagonmu ba ma hura wuta da baki kamar mutanen da."

Ya shiga ɗaki ya jawo fankar tsaye, ya haɗa waya da waya har ta kai tsakar gida, ya saita ta a bakin murhu, ya danna maɓallin ƙarshe.

Wutar ta tashi lokaci guda ta lashi gefen kasko. Hayaƙi ya shige bayan zannuwa. Zannuwan suka kumbura da iska, gora ta farko ta karkata ta ja ta biyu, ta biyu ta ja sauran. Daidai lokacin da Baba ya miƙe tsaye yana tari yana ɗaga ƙafa ɗaya, duk abin ya kife a kan katanga, zanen aurena ya rufe kan Kawu Ou da lofensa.

Na watsa bokitin ruwa a murhu, wuta ta mutu.

Ga Baba tsaye a tsakiyar kaskon awara, daga shi sai gajeren wando, tururi na tashi a jikinsa. Duk abin da ya shekara yana ɓoyewa ga shi nan a fili, ƙirji da baya da hannuwa. Kuma daga wuya zuwa ƙasa ya zama kore.

Fugen ne ya fara samun baki. "Kun ga koren nan? Dafin ciwon ne ke fita. Abin da nake jira ke nan."

Fanka dai ba wanda ya kashe ta, tana ta juyawa tana hura Baba. Ni na san abin da iska ke yi wa zane in an tsamo shi daga randa, sai na sunkuyar da kai. Daga kafaɗa aka fara. Koren ya yi duhu, ya rikiɗe, ya gangaro ƙirji, ya bi hannuwa har yatsu, mutane na kallo kamar ana zana shi.

Matar nan mai sanyin hanta ta ce, "Likita, dafin yana sake launi."

Fugen ya ce, "Baba, koma ciki ka wanke, maza."

Baba ya zauna, ya cuɗa, ya miƙe. Kore na ɗan lokaci, sannan shuɗi, wanda ya fi na farko.

"Bai wanku ba. Sake."

Ya sake. Wannan karon shuɗin ya kama sosai. Sai kansa kaɗai ya rage, fari da furfura, a kan jiki mai launin rigar manoma.

"Sau nawa aka tsoma shi?"

Goggo Long ce a bakin ƙofa, da kwandonta a hannu. Kawu Ou, da ya samu ya fito da kai daga cikin zane, ya ce uku.

"In kun ƙara biyu zai yi daidai da wandon da na rina wa mai unguwa." Sai idonta ya kai kan bokitan da ke gefe, da shuɗin kumfa a bakinsu. Ta ajiye kwando a hankali. "Ɗan Tan, ruwan wace randa ce wannan?"

"Goggo, aro na yi, don ceton rai."

"Shekara goma sha ɗaya randar nan tana raye. Giyar shinkafa nake ba ta da hannuna, da sanyi bargo nake rufa mata. Bokiti nawa?"

"Kaɗan ne. Shida."

Ta ɗauki sandar da ya juya magani da ita. Sau biyu suka zagaya kasko, Fugen yana cewa a tsaya a yi magana ta ilimi, a na uku ya taka wayar fanka ya zame ya zauna cikin taɓo. A nan kowa ya ga hannuwansa, shuɗi har gwiwa. Dariyar da mutane ke riƙewa ta ƙwace, har wani ya faɗo daga katanga.

Baba bai yi dariya ba. Ya ce, "Ƙanwata Long, bar shi tukuna. Kwana nawa abin nan zai yi kafin ya fita?"

Goggo Long ta jefar da sanda, ta matso tana haki. Ta kama hannun Baba ta juya shi, ta murza da babban yatsa kamar mai duba yadi, ta bi tabon gwiwar hannunsa da tafinta.

"Fata ba auduga ba ce. Sati biyu, ko uku. Inda ɓawon yake ya fi sha, can zai jima." Ta ɗago ta dube shi. "Wannan ne ciwon kafaɗar?"

"Shi ne."

"Marigayi mijina shekara talatin yana da shi a ƙafa. Ni ke shafa masa mai, ga ni nan ban ɗauka ba. Fito daga ruwan nan a ɗauraye ka kafin tokar ta cinye ka."

Muka kai shi bakin rijiya, ni ina ja Mama tana kwara masa. Bokiti ya fi goma, shuɗin ko gezau.

Kawu Ou ya gyara murya daga kan kujerarsa. "To Tsoho Tan, ka huta abinka. Sandunan zan riƙe maka su da amana, bana kawai."

Baba ya dubi ƙirjinsa, ya dubi hannuwansa gaba da baya, ya bi kawunan da ke kan katanga da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Tsohuwa, akwai wanda ya rage a ƙauyen nan bai gan ni ba?"

Mama ta ce, "Sai waɗanda ke gona. Su ma an tafi kiransu."

"To ɗauko mini jan ƙyallena."

Haka ya fita, ba riga, ruwa na ɗiga, ya bi ta tsakiyar ƙauye zuwa bakin kogi, jama'a na biye da shi. Kawu Ou yana baya ɗauke da kujerarsa yana cewa ai wannan ba tsari ba ne. Dattawan jirgi suka dube shi, suka dubi juna. Babbansu ya tambaya ko kafaɗar ta warke. Baba ya ce ta warke. Aka miƙa masa sanduna.

Washegari muka kai shi wurin Likita Nie, don fatar ta yi zafi tana raɗaɗi. Ta daɗe tana kallonsa ta saman tabarau. Ta ce garin da Fugen ya gani a kwalba sai an tace an busar an gyara, kuma ɗan kaɗan ake haɗawa da mai a shafa. Ta ce mun yi sa'a da aka sirka ruwan. Ta ba da man shafawa, ta ce a bar fatar ta huta sati guda kafin a koma wanka, ɗauri ɗaya ɗaya. Ta tambaya ina likitan da ya yi aikin. Muka ce yana gonar Goggo Long yana yankan ganyen shuni, kuma can zai yi ta zuwa har randa ta farfaɗo.

Ranar tsere jirage bakwai ne. Ba mu zo na ɗaya ba, na biyu muka zo, bara kuwa na biyar. Mutanen jirgin da ke kusa da namu sun ce ba adalci, wai matuƙansu sun riƙa waiwaye har tuƙinsu ya harɗe. Baba yana goshin jirgi, shuɗi da jan ƙyalle, yana dukan ganga yana ihu, ana nuna shi daga gaɓa biyu, shi ko a jikinsa.

Fugen yana gefenmu a gaɓa, ya sa hannuwa a aljihu don kada a gani. Amma da jirgi ya tsallake igiyar ƙarshen tsere sai ya manta, ya zaro su yana nuna wa wasu baƙi daga wani ƙauye.

"Mahaifina ne, ni na duba shi. Kun lura kuwa? Tun daga farkon tsere har ƙarshe, ko sau ɗaya bai yi susa ba."

Mama ba ta ko dube shi ba, tana ɓare ƙullin shinkafa. Ta ce, "Da wane hannun zai sosa?"